Gwajina ya ce "ok" alhali bai gwada komai ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na rubuta wani ɗan gwaji da yaren C a tools/testing/selftests na Linux, wato inda ake ajiye gwaje-gwajen kernel (zuciyar Linux), yana karɓar adadin zagaye daga layin umarni, kamar -n 1000, da atoi(), mai juya rubutu ya koma lamba, nake karanta lambar. Jiya da daddare hannuna ya zame, na buga harafin l a wurin 1. Nan take ya fito da "ok", na ji daɗi na kwanta. Da safe na duba, ashe atoi sifili ta dawo da shi, ko zagaye ɗaya bai yi ba. Abin ya tsaya mini a rai, don da na tura shi haka, da wasu sun dogara da shi. Na gwada kstrtoint() a madadinta, gwajin ya ƙi haɗuwa, wato compile. Yaya zan yi?

Wani tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. kstrtoint ta cikin kernel ce, su kuwa waɗannan gwaje-gwajen da libc, wato laburaren C na shirye-shiryen da ke wajen kernel, suke haɗuwa, shi ya sa. Rabu da atoi, ba ta da hanyar gaya maka an yi kuskure, "0" da "abc" duk ɗaya ne a wurinta. Koma strtol(). Ka sa errno = 0 kafin kira, don a errno ake ajiye lambar kuskure. Idan endptr, mai nuna inda karatun ya tsaya, bai motsa daga farko ba, babu lamba ke nan. Idan ya tsaya kan wani abu da ba '\0' ba, akwai tarkace a baya, kamar 10k. Idan kuma errno ya zama ERANGE, lambar ta fi ƙarfin long, wato nau'in lambar da strtol ke dawowa da shi.

Wata 'yar'uwa: Yaya ya yi gaskiya, amma don Allah a kula da strtoul(). Ni ta taɓa cizona. Na ɗauka tunda unsigned ce, wato ta lambobi marasa ragi, za ta ƙi lamba mai alamar ragi. Na ba ta -1, ta karɓa lafiya lau, errno bai ce uffan ba, ta miƙo mini 18446744073709551615 a injin 64-bit. Gwajin ya shiga zagaye, har na gaji na kashe shi da hannu. Tun daga ranar, da strtol nake karantawa, in ƙi duk abin da ya gaza 1.

Wani ɗalibi: Base ɗin da ake ba strtol fa, wato tushen ƙirga, Malam? Na ga wasu na sa 0.

Tsohon hannu: Idan ka sa 0, 010 takwas ce, ba goma ba, don octal, wato ƙirga mai tushe takwas, za ta ɗauke ta. Adadin zagaye dai sa 10. Kuma kafin ka zuba long a cikin int, gwada ta da INT_MAX, wato 2147483647, iyakar abin da int ke ɗauka. In ba haka ba, 4294967296 za ta yanke ta koma sifili, ka dawo inda ka fara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan lambar ba daidai ba ce, in fita da KSFT_SKIP, alamar an tsallake gwaji?

Tsohon hannu: A'a. Lamba 4 ta SKIP ta injin da ba shi da abin da gwajin ke buƙata ce. Kira ksft_exit_fail_msg(), ka buga ainihin abin da mutum ya rubuta a cikin saƙon, ya ga l ɗinsa da idonsa.