Kafso a ruwan kaji: yana dawo da ƙwai ko a'a?

Hajiya ta Mokoyo: Assalamu alaikum masu kiwo. Kajina shida ne, tun shigowar Afrilu ƙwai ya ja baya. Wanda ake samu ma ɓawonsa laushi, wani sai tantani kawai. Jiya na ɗauki ɗaya ya fashe mini a hannu. Ku taimaka da shawara.

Baba na Bagalam: Wa alaikumus salam Hajiya. Aika yaro ya sayo kafso mai ja da rawaya, ki buɗe biyu ki zazzage a kaskon ruwansu kwana uku. Duk kazar da ta daina ƙwai ciwo ne a cikinta, kafso kuma shi ne maganinsa. Na fi shekara ashirin ina haka.

Ɗalibin aikin gona: Baba, ka yi mini gafara, ban yarda da wannan ba. Ɓawon ƙwai kalsiyam ne ke gina shi, sinadarin da ke gina ƙashi. Kowane ƙwai yana ɗauke da kusan giram 2, kaza mai ƙwai kuma tana buƙatar kusan giram 4 a abincinta kullum. Hajiya, me suke ci?

Hajiya ta Mokoyo: Dusa da tsakin hatsi, sai ragowar tuwo. Gidan an yi masa daɓen siminti bara, ba sa fita waje saboda ɓarayi.

Ɗalibin aikin gona: To ga shi nan. Hatsi da dusa kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Kazar ƙauye tana tono, tana samun gara da tsutsa da tsakuwa, taki kuwa siminti take tsattsaga. In abinci bai ba ta ba, daga ƙashinta take zara har ƙafafu su yi rauni. Ga zafin Maraɗi a wannan wata yana wuce digiri 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi, yawan hakin kuma yana taɓa jininta har ɓawo ya yi sirara. Cin abinci ma raguwa yake. Wace ƙwayar cuta kafso zai kashe a nan?

Baba na Bagalam: Ɗana, karatu daban, gani da ido daban. Bara nawa sun tsaya, na ba su, ba a yi sati biyu ba suka dawo.

Inna ta Tibiri: Malam, wane wata ne ka ba su?

Baba na Bagalam: Farkon Yuni, in ban manta ba.

Inna ta Tibiri: Ai ruwan farko ya sauka ke nan, gari ya yi sanyi, gara ta fito. Nawa ma lokacin suka dawo, ban ba su ko ƙwaya ɗaya ba. Kuma ku tuna kazar Hausa ba ta gona ba ce. In ta zuba goma ko sha biyar sai ta nemi kwanci, kwana 21 tana kai, sannan ta bi 'yan tsakinta. Wani sai ya ce ciwo ne, alhali renon 'ya'ya take so. Ni ɓawon ƙwai nake tarawa, in gasa shi a kasko, in daka ya yi laushi, in barbaɗa a dusa. Kada a ba su shi gutsi-gutsi yadda za su gane shi, sai su koyi fasa ƙwansu. Ƙashin mahauta da aka ƙone aka daka shi ma yana yi. In na samu garin kifi ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji sai in ƙara, da ganyen zogale.

Malamin dabbobi: Inna ta faɗi gaskiya. Abin da ya fi damuna da kafson nan, Baba, maganin yana bi ta jikin kaza ya sauka cikin ƙwai, jikokinka ne kuma za su ci. Yawan shansa ba gaira ba dalili shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki. Akwai ciwon da maganin irinsa ke yi wa amfani, kamar kumburin mahaifar ƙwai, amma sai an duba kaza an auna. Cutar Niyukasil kuma, wadda ke share kaji lokacin ɗari da koren zawo da murɗewar wuya, ita ma tana lalata ɓawo, kafso ba ya taɓa ta. Rigakafi kaɗai ke tare ta, a yi shi kafin hunturu.

Baba na Bagalam: Likita, maganar jikoki ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ku ma ku duba. Mutumin da ke bayan Jiratawa da kaza huɗu, kuɗin babur zuwa wurinka ya kusa kuɗin kazar. Mai tebur kuwa yana ƙofar gida. Me kake so ya yi, ya zuba ido ta mutu? Ni dai ban sauka daga cewa wani lokaci yana aiki ba.

Malamin dabbobi: Wannan kukan naka gaskiya ne, mun yi ƙaranci a ƙauyuka. Sai dai inuwa da ruwan randa da garin ɓawo ba sa cin ko dala.

Hajiya ta Mokoyo: Likita ka tsaya. Yanzu na leƙa akurki, jar kazar tana tsaye cak, wutsiya ƙasa, tana ta nishi tana yunƙuri. Na taɓa ƙasan cikinta na ji abu mai tauri.

Baba na Bagalam: Ƙwai ne ya maƙale. Hajiya kada ki matsa, kada ki bari kowa ya fasa shi a ciki, ɓawon yanka yake. Na taɓa rasa kaza haka.

Malamin dabbobi: Nan bakinmu ɗaya da Baba. Zuba ruwa mai ɗumi a roba, wanda hannunki zai jure, ki zaunar da bayanta ciki minti 15 zuwa 20. Ki tsane ta da tsumma, ki shafa man gyaɗa a bakin duburar a hankali, ki ajiye ta ita kaɗai a ɗaki mai duhu da iska, da ruwan sha da dusa mai garin ɓawo. In la'asar ta yi bai fito ba, ko kika ga jan nama ya zazzago, kawo mini ita yau, kada ta kwana.

Hajiya ta Mokoyo: To, na ɗora ruwan. Inna, ɓawon ƙwai nawa zan gasa wa kaza shida?