Na'urorin tef suna musayar lamba a bayan gadar FC zuwa SAS, a taimaka

dan_rak:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta ishe ni a ofis. Muna da laburaren tef ƙarami, wato akwatin da hannun robot ke ɗora kaset a na'urorin tef, mai na'urar LTO (nau'in tef na adana bayanai) guda 2, dukkansu SAS ne (nau'in haɗin kebul na na'urorin adana bayanai), ita kuma sabarmu ta bakab Fibre Channel (FC, wani nau'in haɗin na daban) take amfani da shi, shi ya sa aka sa gada a tsakani, wato akwatin nan da SAS ke shiga ta baya FC ya fita ta gaba zuwa siwic. Komai lafiya lau har sai an ɗauke wuta UPS ya mutu. Idan aka dawo sai ka ga na'urar da Linux ke kira /dev/nst0 jiya yau ta koma nst1, Bacula, manhajar bakab ɗinmu, ya sa hannun robot ya ɗora kaset a na'ura ta farko shi kuma ya je yana neman rubutu a ta biyu, sai aikin dare ya faɗi wai babu tef. Wani lokacin ma robot ɗin gaba ɗaya ba ya fitowa a lsscsi, umarnin da ke jera na'urorin da Linux ke gani. Gadar ce ta lalace ko Linux ne? Oga ya fara maganar a sayi sabuwa.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ku sayi komai tukuna, babu abin da ya lalace. Lambar nan nst0, nst1 ba suna ba ce, layi ne kawai, wanda kernel, wato zuciyar Linux, ya fara gani shi ke samun sifili, kamar layin gidan mai. Kuma a wajenka layin biyu ne ba ɗaya ba, shi ya sa abin ya rikice.

Na farko a cikin gadar. Ita gada aikinta ta ɗauki kowace na'ura da ke gefen SAS ta ba ta lambar LUN, wato lambar da ke bambanta na'urorin da ke bayan tasha ɗaya, a ƙarƙashin tasharta ta FC, sabar ba ta ganin na'urorin kai tsaye, WWPN ɗin gadar, wato adireshin dindindin na tasharta ta FC, take gani da LUN 0, 1, 2 a bayansa. Idan an bar ta tana rabon lambar da kanta, wasu gadojin bisa wanda ya fara amsawa suke rabawa, to tef kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya gama tashi, yau wannan ya riga gobe wancan. Shiga shafin saitinta ka kashe rabon atomatik ɗin, ka ɗaure kowace LUN da adireshin SAS na na'urar, lamba ce mai bit 64, haruffa 16 na hex, ba ta canzawa. Ka yi sebin, don wasu sai ka adana ka sake kunna su kafin ya zauna.

Na biyu a Linux. Ko gadar ta daidaita, ka daina rubuta /dev/nst0 a Bacula. Duba /dev/tape/by-id/, udev, ɓangaren Linux mai ba na'urori suna, yana ƙirƙirar suna daga shaidar da na'urar ke bayarwa da kanta, ka ɗauki wanda ya ƙare da -nst ka sa a layin Archive Device na saitin Bacula. Sai ka tabbatar Drive Index 0 na Bacula da gaske ita ce na'urar da mtx, umarnin sarrafa robot, ke kira 0, ka ɗora kaset ɗaya da mtx ka ga wace ce ta ce tana da tef, shi ke nan.

UmmuHanif_IT:
Ƙari a kan abin da Injiniya ya faɗa, batun ɓacewar robot. A yawancin ƙananan laburare robot ba shi da kebul nasa, ta jikin na'urar tef ɗaya yake fitowa, tef ɗin LUN 0 shi kuma LUN 1 a adireshin SAS guda. To idan ka zo ɗaure lambobi da hannu ka ga abu 2 kawai ka ɗaure ka tafi, ka manta da na ukun. Abu 3 ya kamata ka gani a jerin. Kuma kar ka bar LUN 0 babu kowa ko ka tsallake lamba, tsofaffin direbobin sofwaya suna tsayawa da bincike idan suka tarar da giɓi.

Sannan tsarin kunnawa: laburare tukuna har robot ya gama ƙirga kaset ɗinsa, sai gada, siwic ya riga ya tashi, sabar a ƙarshe. Rubuta shi a takarda ka manna a jikin rak ɗin saboda mai gadin janareta ba zai karanta wannan ba. Idan sabar ta riga su tashi ba sai ka yi ristat ba, umarnin rescan-scsi-bus.sh na cikin kunshin sg3_utils, mai sake neman na'urori, ya isa.

sadiq_san:
Ni dai ban yarda gadar kaɗai ba ce. Wane irin zonin, wato saitin da ke tsara wa zai ga wa, kuka yi a siwic? Idan da lambar tasha aka yi, wani ya zare kebul ya mayar a wani rami yayin gyaran wuta, sabar ba za ta ga gadar ba sam. A yi da WWPN. Gaskiya ma in da kuɗi ni da katin SAS zan saka a sabar in cire gadar daga hanya, sabar ɗaya ce fa.

Injiniya_Bala:
Sadiq da zonin ne ai duka ukun za su ɓace tare, ba musayar lamba ba. Katin SAS ɗin kuma sai in suna rak ɗaya, kebul ɗin jan ƙarfe na SAS 'yan mitoci ne kawai.

dan_rak:
Allah ya saka da alheri. Ba rak ɗaya suke ba Malam Sadiq, laburaren yana wani ɗaki. Na shiga gadar, a atomatik take kuwa, na ɗaure ukun na kuma koma by-id. Tambaya ɗaya Injiniya, idan na'ura ɗaya ta mutu aka kawo wata, sai na sake wannan aikin daga farko?

Injiniya_Bala:
Duba takardun laburarenka, wasu suna liƙa wa sabuwar adireshi da siriyal na ramin da aka saka ta, ba abin da zai motsa. In naka ba ya yi, layi ɗaya za ka gyara a gadar da layi ɗaya a Bacula.