Tambaya: daga ina gidan zane-zane na Lille ya samo kayan Rubens, Goya da Raphael?

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske kan gidan adana kayan fasaha na birnin Lille da ke arewacin Faransa, wanda suke kira Palais des Beaux-Arts. Ana sa shi a sahun gaba cikin gidajen zanen ƙasar idan aka cire na Paris. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Lille garin masaƙu ne da fatauci, ba fadar sarki ba. To ta ina zanen Rubens da Goya da Raphael suka zo masa? Saye aka yi, ko kyauta, ko ƙwace? Na biyu, an ce suna da zanen Raphael na takarda, amma ba kowa ke dacewa da ganinsu ba idan ya je. Me ya jawo?

Na-Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka ukun da ka lissafa sun faru, kowanne da zamaninsa.

Ƙwace ne ya fara. Bayan juyin juya halin 1789, dukiyar coci ta koma hannun hukuma, aka rufe gidajen masu zuhudu, aka kwashe zanen da ke ciki aka jibge a tsohon gidan 'yan ɗariƙar Récollets. Wani mai zane na garin, Louis Watteau, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta a 1795. Ta nan babban aikin Rubens ya shigo, wanda ke nuna sauko da Almasihu daga gicciye bisa aƙidar Kirista. Tsayinsa ya haura mita 4, kuma tun wajen 1617 aka yi shi domin cocin 'yan Capucins na Lille ɗin. Wato bai yi wata tafiya ba, unguwa kawai ya sauya. Ka tuna Lille ƙasar Flanders ce, sai a 1667 sarki Louis na 14 ya ci ta da yaƙi, shi ya sa cocinta suka cika da aikin masu zanen Antwerp, garin Rubens.

Sai rabon gwamnati. Ranar 1 ga Satumba 1801, a zamanin Napoleon, ministan cikin gida Chaptal ya fitar da doka a raba zanen da suka yi wa Louvre, babban gidan zanen Paris, yawa ga birane 15. Lille na ciki, tare da Lyon, Bordeaux, Rouen, Nantes da sauransu, har da Brussels da Geneva da Mainz waɗanda a lokacin suna hannun Faransa. Lille ta samu 46. Gaskiya ɗaya ce, wasu daga cikin kayan rabon nan ganimar yaƙi ce da sojojin Faransa suka kwaso daga ƙasashen maƙwabta. A 1809 aka buɗe wa jama'a ƙofa.

Saye kuwa, a nan ne mutum ɗaya ya yi rawar gani: Édouard Reynart, wanda ya riƙe gidan daga 1841 zuwa 1879. A zamaninsa aka sayi aikin mai zane Jacques-Louis David na 1781, tsohon kwamanda Bélisaire yana bara bayan an makantar da shi. A zamaninsa kuma, a 1874, zanen Goya biyu suka shigo, na 'yan mata da na tsofaffi. Na tsofaffin ya cancanci a tsaya a gabansa: tsofaffin mata biyu sun sha ado, ɗaya na riƙe wa ɗaya madubi, an rubuta «Que tal?» a bayansa, wato "ya ake ciki?" da Sifaniyanci, ga kuma wani dattijo mai fukafukai, alamar zamani, ya ɗaga tsintsiya a bayansu. A wannan ƙarnin dai gwamnati ta ci gaba da aiko da abin da ta saya a baje-kolin Paris, kamar aikin Delacroix na 1838 kan Médée da na Courbet na 1849.

Ginin da ake gani yau a dandalin République an fara shi a 1885, aka buɗe a 1892. Rabin abin da aka tsara kawai aka gina domin kuɗi sun gaza.

Mai Gyaran Takarda ta amsa:

Malam Na-Tarihi, Allah ya ƙara sani, amma ka tsallake kyautar da ta fi kowacce nauyi, kuma a cikinta amsar tambaya ta biyu take.

Jean-Baptiste Wicar ɗan Lille ne, an haife shi a 1762, ya yi almajirci wurin David, ya ƙare rayuwarsa a Roma a 1834. Ya bar wa ƙungiyar masana ta garinsu wasiyyar zanen takarda kusan 1,300, akasari na Italiya, ciki har da na Raphael da dama. A cikin wasiyyar ne kuma sassaƙen Donatello na marmara ya zo, mai nuna liyafar sarki Hirudus. Faɗinsa bai wuce santimita 65 ba, zurfin sassaƙar bai kai kaurin yatsa ba, amma ido na ganin rumfuna da matakala kamar za a shiga a taka. Shi ma Wicar ba a wanke shi tas ba, yana cikin waɗanda suka zaɓa wa sojojin Faransa kayan da za a kwasa daga Italiya.

Dalilin da ba a rataye na takarda kullum shi ne haske. Ɓarnar haske taruwa take yi, kuma ba ta gyaruwa. Takarda na rinewa ta koma ruwan ƙasa, zarenta ya yi rauni, tawada da launin ruwa su kwanta. Ƙa'idar da gidajen tarihi ke bi ita ce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) ga takarda, alhali fentin mai na jure 150 zuwa 200. Ko da luks 50 ɗin, wata uku ake nunawa, sannan a mayar cikin akwati a duhu wajen shekara uku. Fitila ma sai wadda ba ta fitar da hasken da ke ƙona launi, kuma ba ta zafi.

Na biyu danshi. Ana riƙe shi wajen kashi 50 cikin ɗari, zafin ɗaki kuma digiri 18 zuwa 22. Danshin ya haura 65 ya daɗe, fumfuna ta fito, ɗigo-ɗigon tsatsa su bayyana. Ya faɗi ƙasa da 35, takarda ta bushe ta riƙa karyewa. Abin da ya fi duka illa shi ne hawa da sauka cikin gaggawa, domin takarda da katako suna shan ruwa su kumbura, su saki su tsuke. A zanen da aka yi kan allo, irin biyun Dirk Bouts da ke Lille masu nuna aljanna da wuta, katakon na motsi amma fentin ba ya binsa, sai ya ɗago ya fara ɓarewa. Tsofaffin zanen alƙalami suna da wata cutar dabam: tawadarsu na ɗauke da sinadarin ƙarfe, idan ta samu laima sai ta ci takardar har ta huda ta daidai inda layi ya fi kauri. Masu ajiye tsofaffin littattafan ajami a gida su lura da wannan, tsakanin bushewar hunturu da laimar damina irin wannan hawa da saukar ce.

Ana ɗora kowane zane kan kwali marar sinadarin tsami, a liƙa shi ta sama kawai da 'yan filaye na takardar Japan da kokon alkama, domin a iya cirewa da ɗan danshi. Salatif da gam na kanti haramun ne a wannan aiki, tabonsu ba ya fita. Mai bincike na iya rubuta wa sashen zanen takarda ya nemi a ba shi rana.

Injiniya Mai Taswira ya amsa:

Hajiya ta gama magana kan takarda. Ni ƙasan ginin zan ja hankalinka, ɗan'uwa, kada ka fita ba ka sauka ba. Can ne aka ajiye samfurin garuruwa masu ganuwa, waɗanda aka fara ƙerawa a 1668 domin sarki da hafsoshinsa su tsara yaƙi ba tare da sun bar fada ba. Ma'auninsu 1 bisa 600, wato gida mai tsayin mita 12 ya zama santimita 2. Lille na riƙe da 15, irin su Calais, Namur, Tournai, Ypres da Maastricht, akasarin sauran suna ginin Invalides a Paris. An kawo na Lille ɗin ne a shekarun 1980, zamanin da Pierre Mauroy ke magajin gari, bayan doguwar jayayya da Paris, kuma neman inda za a sa su na cikin abin da ya sa aka rufe gidan a 1991 aka yi masa gyaran da ya kai 1997.

Kowane samfuri tebura ne na katako da yawa, ana haɗa su kamar gutsattsarin ƙwarya. A kansu an shimfiɗa kwali an siffanta tudu da kwari, an barbaɗa yashi da garin siliki mai launi a kan gam domin gonaki da ciyawa. Gidaje 'yan guntayen katako ne da aka lulluɓe da takarda mai zanen bulo da tagogi, itatuwa kuma zaren siliki ne a murɗe da waya. Babban maƙiyinsu ƙura. Ba a gogewa, domin tsumma zai tafi da gonakin gaba ɗaya. Da burushi mai laushi ake ɗaga ta, ana riƙe da bakin ƙaramin injin tsotsa da aka rufe da raga a kusa, ko da wani bene ko bishiya ta fita a same ta a ragar a mayar.

Samfurin Lille ɗin kanta, na farkon shekarun 1740, shi ya fi shan wuya. Sojojin Prussia sun tafi da shi Berlin a 1815, bai dawo ba sai 1948, an datse gefunansa, gine-gine da dama sun ɓace.

Na-Tarihi ya ƙara:

Hajiya, na karɓi gyara. Abu ɗaya zan ƙara wa mai tambaya: ƙaramin allon da ke gefen kowane zane na faɗin shekarar shigowarsa da hanyar da ya bi. «Saisie révolutionnaire» ƙwacen juyin juya hali ne, «envoi» ko «dépôt de l'État» na gwamnati ne, «legs» wasiyya, «don» kyauta, «achat» saye. Gidan ba ya buɗewa ran Talata, ran Litinin kuma sai da rana. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsayawa a tashar République Beaux-Arts, daf da ƙofa.