Shinkafa ko kuɗi, wanne ya fi isa hannun talaka?

Mai Awo:
Assalamu alaikum jama'a. Ni hatsi nake aunawa a kasuwa, kuma abin nan ya tsaya min a rai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gwamnatin tarayya ke aika wa jihohi tirelolin shinkafa. Da rabo ya zo unguwarmu, mata suka kama layi tun asuba. Wata tsohuwa maƙwabciyata sai bayan azahar ta dawo, da abin da bai cika kwano ba ƙulle a bakin mayafi. Kwana biyu sai ga irin buhunan a kasuwa ana ciniki. Don Allah, ba gara a tura wa mutane kuɗi ba?

Uwar Marayu:
Wa alaikumus salam. Malam, ai kuɗin ma an gwada, naira 25,000 duk wata har wata uku. Sai dai sai sunanka na cikin rajistar talakawa ta gwamnati, kana da lambar NIN da asusu. Matan ƙauye nawa ke da su? Duk da haka ni kuɗin na fi so. Shinkafa ba ta dafa kanta, sai da itace da mai da gishiri, ga maganin yaro idan zazzaɓi ya taso.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar hukumar kayan abinci ta ƙasa, wato OPVN, ke ajiye hatsi, idan damina ta kama rumbuna sun yi ƙasa sai a fito da shi a sayar da rahusa. Akwai layi, akwai masu saye su juya. Amma da an buɗe sito farashi kan sauko a kasuwa, har wanda bai samu ba ya amfana.

Malamin Firamare:
Kada ku manta da ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016, naira 70 kowane yaro. Lokacin ajina cika yake yi. Abinci na shiga cikin yaro a gaban idonka, ba mai ɗaukarsa ya kai kasuwa.

Mai Awo:
Ɗan Maraɗi, ka taɓo inda na sani. Ko labarin za a buɗe sito aka ji, masu ɓoye masara fito da ita suke yi. Can wajenku wa ke tsayawa a kan awon, mai unguwa ko ma'aikatan gwamnati?