Baitocin ta'aziyyar Kakarmu ta Aboabo

Jikarta ta fari, Aboabo:
Assalamu alaikum. Jiya aka yi sadakar bakwai ta kakarmu, wadda yaro da babba a layinmu na Aboabo, a Kumasi ta ƙasar Ghana, ke kira Kaka. A gaban taro bakina ya yi nauyi, shi ne na zuba abin da ke raina a baiti. Duk wanda ya san ta ya amsa mini.

Bismillahi, da Shi nake farawa,
Shi ke bayarwa, Shi ke karɓewa.

Maza sun kai Kaka maƙabartar Tafo da hantsi,
Mu mata muna gida muna kokawa.

Tun kafin assalatu take hura wuta,
Koko da ƙosai a bakin titi take sayarwa.

Da ribar kokon nan ta sa mu makaranta,
Ta allo da ta boko ba ta bambantawa.

In zazzaɓi ya kama ni, bayanta ne gadona,
Har asibitin Manhyia ba ta saukewa.

Tuwon darenmu bai taɓa zama namu kaɗai ba,
Da baƙo da maraya muke rabawa.

Wa zan kira Kaka yanzu in na shigo gida?
Ku amsa mini, hawayena ba sa tsayawa.

Iya, maƙwabciyarta ta bayan masallaci:

Share hawaye, jikata, ki saurara,
In ba ki labarin da ya girmi yara.
A 1983 ruwan sama ya yi ƙaura,
Wutar daji ta lashe gonaki ba saura,
Ga korarru daga Najeriya sun zo sun ƙara,
Layin abinci tun asuba muke jira.
Kakarki ta kwashe atamfofinta ta sai masara,
Ta dama, ta zuba wa duk wanda ya tara.
Ɗana yana cikinsu, ga shi yau har da furfura.

Allah Ya sa wannan kokon ya zame mata ruwan Alkausara. Zaman amana muka yi, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Mai ɗinki, Akwatia Line:
Ni ba jininta ba ce, amma ku ba ni wuri a cikin jikoki.

Daga Walewale na sauka da tasa a kaina,
Dako a kasuwar Kejetia, barandar shago wurin kwana.
Ta gan ni da ciki, ruwan sama yana dukana,
Ta ce, "Tashi, yarinya, akwai tabarma a ɗakina."
Ita ta kai ni aka yi katin inshora da sunana,
Daren naƙuda a asibitin Komfo Anokye tana gefena.
Ta tara matan unguwa ranar sunan ɗana,
Ta sa ni adashi, yau ga keke a shagona.
Ba ta tambayi ƙabila ba, ba ta tambayi laifina,
Hausar nan ma daga bakinta ta shigo bakina.

Ɗan sa-kai na rigakafi, Asawase:

Hajiya, mu 'yan rigakafi mun san girman aikinki,
Ƙofar da aka rufe mana sai a buɗe don darajarki.
Ɗigo biyu na shan inna kin fara da jikokinki,
Ki ɗaga yatsa mai tawada: "Ga nawa, kawo naki."
Ranar awo ke ce a gaba, katunan yara a jakarki.
Kullen korona na 2020, mako uku ba ciniki,
Wake da shinkafa ya zaga layi a kwanukanki.
Ko sidi ɗaya kin ƙi, kin ce Allah ne mai biyanki.

Malamin allo, Yalwa:
Allah Ya gafarta mata, Ya ba ku haƙuri. Ku yi mini izini in taɓa inda ba a taɓa ba.

Kun faɗi alheri, ban ce kun yi ƙari ba,
Amma da sauran aikin da ba ku ambata ba.
In mace ta cika, ko da gari bai waye ba,
Ita ake buga wa ƙofa, ba ta taɓa cewa gobe ba.
Ganyen magarya da kafur ba su taɓa yanke mata ba,
Ga likkafani a ajiye don baƙuwar da ba a san danginta ba.
Abin da ta gani wurin wanka ba a ji shi a bakinta ba.
Ranar nata wankan fa? A layinku ba a sami mai yi ba,
Sai unguwar Sawaba aka aika, abin bai yi mini daɗi ba.
Farilla ce ta kifaya: in kowa ya bari, ba wanda laifi bai hau ba.
'Ya'yana mata, tambaya nake, ba faɗa na zo yi ba,
Wace ce ta koya a hannunta? Har yanzu ban ji amsa ba.

Jikanta, daga Nima, Accra:

Malam, ka yi gaskiya. Ni namiji ne, wankan ba nawa ba,
Amma farin yadi a wuyana yake, ba zan bari ya yanke ba.

Yaya, zan turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ƙarshen wata, ki saya a kasuwa ki ajiye a adakarta.

Jikarta ta fari:

Allah gafarta Malam, na ji, ban kuwa ji haushi ba.
Na sha riƙe mata buta, amma hannuna bai saba ba.
Na ga tana fara wa gawa alwala, ba ta tsallake dama ba,
Tana rufe al'aura da zane, ba ta ɗaga murya ba.
Tsoro yana nan a ƙirjina, ba zan ɓoye muku ba,
Amma in Iya za ta tsaya a kaina, ba zan ja da baya ba.

Maƙwabciyarta:

Zan tsaya, jikata, ko da gwiwa tana ciwo,
Mun yi tare da ita, na san ɗauri, na san awo.
Alhamis bayan la'asar ki zo, mai ɗinki ma ta biyo,
Almakashi da tsohon zane kaɗai za ku kawo.

Ku gaya wa matan adashi, duk mai so ta zo. Da filo za mu fara gwadawa, daga yankan likkafani zuwa ɗauri.

Mai ɗinki:
In sha Allahu, Iya. Zan rufe shago da azahar, kuma zan zo da yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina.