Gudun da agogo bai ƙirga ba

Mai Gudun Asuba: Jama'a, raina a ɓace yake. Abokin guduna ya shanya ni tun da duku-duku, wai agogonsa ba caji, kuma gudun da bai hau Strava ba, manhajar da 'yan gudu ke ɗora gudunsu mutane su gani su yaba, asara ne. Duk wanda ba ya ɗaura takalmi sai don lambar yabo ko tafin mutane, ba gudun yake so ba. Riya ce kawai, kuma irinsu ba sa daɗewa.

Maman Biyu: Haba Malam, riya fa ka ce? Bayan na haihu da ƙyar nake zagaya fili, ina haki, gwiwa na rawa. Ganin lambobin nan suna ƙaruwa ne ya riƙa fito da ni. Yanzu ni ce mai riya?

Ɗalibi: Riya a ibada ake maganarta. Gudu ba salla ba ne. A janye kalmar.

Mai Gudun Asuba: Ba zan janye ba. Yi don a gani, mene ne sunansa?

Autar Gida: Yaya gaskiya ya faɗa. Wanda ya tsargu, da shi ake.

Maman Biyu: Ke ƙanwata, yaushe rabonki da fitowa? Don yayanki ne kawai kika shigo.

Malamin Aji: Ku bari mu koma kan maganar, don akwai abin dubawa. A 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Deci, ya ba ɗaliban jami'a wasan harhaɗa 'yan guntaye. Wasu ya biya su dala 1 kan kowanne da suka haɗa. Da aka daina biya, sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutu. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka gwada da ƙananan yara masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana, daga baya zanen ya rage burge su. Waɗanda aka ba kyautar ba zato, sha'awarsu ba ta ragu ba. Kun ga ba kyautar ce matsala ba, cinikin ne: yi kaza in ba ka kaza. Shi kuwa yabon baki, Deci ya ga yana ƙara himma. Ina ganin haka a aji. Yaron da aka saba wa kyauta kan karatu, ranar da babu, littafin ma ba ya buɗewa.

Maman Biyu: Malam, mu ba ƙananan yara ba ne.

Malamin Aji: Hajiya, ban ce haka ba.

Dogo: To Eliud Kipchoge, ɗan gudun nan na Kenya, fa? A Oktoban 2019 a Biyena, babban birnin Ostiriya, ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, duniya na kallo. Shi ma riya yake?

Tsohon Koci: Ɗana, wannan sana'arsa ce. Kuma ba a karɓi gudun nan a matsayin tarihin duniya ba, don ba gasa ba ce, ana ta sauya masa masu ja masa gaba, ga mota tana haska masa layi a ƙasa.

Dogo: Baba, da girmanka, wannan hassada ce.

Tsohon Koci: Ni zan yi wa Kipchoge hassada? Kafin a haife ka nake horar da 'yan gudu da agogon hannu da usur.

Ɗalibi: Ga wata kalmar kuma. Daga riya an koma hassada. Ku ji tsoron Allah.

Malamin Aji: Don Allah ku saurara. Deci da Richard Ryan sun nuna dalilin waje yana iya komawa na zuciya. Mutum ya fara don likita ya tsorata shi, a hankali abin ya zama nasa. Sun ce buƙatu 3 ke riƙe himma: ka ji kai ka zaɓa, ka ji kana ƙwarewa, ka ji kana cikin mutane. Tafin Strava zai iya biyan ta ukun. Abin tambaya shi ne, ran da agogo ya mutu, kana fita?

Autar Gida: Ai shi abokin Yaya bai fita ba. Magana ta ƙare.

Dogo: Baba bai ba ni amsa ba tukuna.

Shugabar Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Mafi yawanmu sun yarda ɗora gudu a intanet ba laifi ba ne, kuma Malamin Aji ya kawo bincike cewa yabo yana ƙara himma. Kalmar riya ba ta dace ba, ya kamata Mai Gudun Asuba ya ba Maman Biyu haƙuri, don mutane irinta ne ke raya zauren nan. Batun Baba da Dogo su ƙarasa shi tsakaninsu. Ranar Asabar kowa ya turo hoton agogonsa kamar yadda muka saba. Na rufe.