Wane suna ya dace da yabon magen da ba ka ƙauna?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Kalma nake nema. Aminiyata tana da wata mage da ta ɗauka tamkar ɗiyar cikinta. Duk zuwan da na yi sai ta haye cinyata, ta kafa farata a zanena, ta bar mini gashi. Ni kuwa ina atishawa ina cewa "tubarkalla, wannan mage akwai kyau." In shafa ta, da na fita in goge hannuna a mayafi. Na raɗa wa abin suna *shafa-ka-goge*. Ya zauna?

Malamin Nahawu: Ya zauna daram, Hajiya. Gininsa irin na *faɗi-ka-mutu* ne, sunan da ake kiran tangaran da shi: aikatau biyu sun haɗu sun zama suna guda. Sai dai aikin hannu kawai ya kama, ya bar na fuska. Ni da *yaƙen-baƙo* zan ce.

Ɗan Auta: Malam, ai wannan dariyar kare ce, muna da ita tun tuni.

Malamin Nahawu: A'a, ɗana. Dariyar kare yage haƙora ne a wajen faɗa, gargaɗi ne ga abokin karawa. Mai yaƙe kuwa zaman lafiya yake nema, yana haɗiye abin da ke ransa.

Gaskiya Ɗaya: Ku yi haƙuri, ni sunansa ganin ido. Labarin zuciya a tambayi fuska, mai magen ta daɗe da ganewa. Me ya kawo ƙarya a kan dabba?

Uwar Biyu: Yaya, maganarka ta sosa mini rai. Matar nan ita kaɗai ce a gida tun rasuwar mijinta, magen ce ke tarar ta a bakin ƙofa. In na yamutsa fuska ga magen, ita na yamutsa wa. Ba an ce mai son uwa ya so ɗanta ba?

Gaskiya Ɗaya: An ce ya *so*, ƙanwata, ba a ce ya nuna kamar yana so ba. Kawaici shi ne ki yi shiru a kan gashin da faratan. Da kin buɗe baki kin ce "akwai kyau", kin wuce kawaici.

Mai Aku: Duk kun manta da ita magen. Zuba wa mage ido barazana ce a wurinta, shi ya sa take zuwa wajen wanda ke kau da kai, ta ƙyale mai kiranta. In kin ga tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, haushi take ji, ba murna irin ta kare ba. Atishawar kuma, Hajiya, daga wani sinadari ne da ke cikin yawunta, tana lasar jiki ya manne a gashi. Wannan ki faɗa wa aminiyarki kai tsaye, lafiya ce, ba ƙiyayya ba.

Ni akuna yana tsala ihu baƙi suna cewa "muryar nan da daɗi." Wannan na kira shi *yabon-toshe-kunne*. Aku kuma yakan kai shekara 40 zuwa sama, ku lissafa yawan yabon da ke gaban abokaina.

Uwar Biyu: Atishawar zan faɗa mata ranar Asabar. "Tubarkalla" kuwa ba zan janye ba, Yaya, don jiya da na tuna, idanun magen nan da gaske suna da kyau.

Gaskiya Ɗaya: To ki yabi idanun kawai.